Karatu a ƙasar waje: Ba a fafe gora ranar tafiya

Shekara uku ke nan da muka ajiye kayan makarantar sakandare, amma har yanzu ba mu manta da zangonmu na ƙarshe a aji shida ba. A lokacin babu hirar da ta fi daɗi a bayan aji irin ta fita waje. Wannan ya ce shi Turkiyya za shi, wancan ya ce Madina, wata ta ce ita likitanci za ta karanta a Masar. Kowa ya zaɓi ƙasarsa, amma a cikinmu babu mai fasfo, kuma babu wanda ya taɓa buɗe shafin wata jami'a ya karanta sharuɗɗanta daga farko har ƙarshe.

Akwai wani abokinmu da ya fi mu duka iya lissafi. Wani mutum ya zo wa mahaifinsa da maganar cewa yana da hanyar samo gurbin karatun injiniya kyauta a wata ƙasar Turai, sai dai a biya “kuɗin aiki”. Mahaifin ya jinginar da gonarsa aka biya. Bayan wata biyu aka nemi na biza, sannan aka nemi na tikiti. Abokin namu bai yi rajistar JAMB ba a wannan shekarar, don a ganinsa jirgi kawai yake jira. Takardar gurbin da aka kawo masa ta sha tambari da sa hannu, har gidansu muka je muka gan ta. Sai bayan wata bakwai ya yi tunanin tura wa jami'ar saƙon imel da kansa. Suka amsa cewa ba su da sunansa a ko'ina. Daga wannan makon lambar wayar mutumin ta daina shiga.

Mu ma ba mu fi shi dabara ba. Mu huɗu muka nemi wani tallafin karatu na gaskiya, wanda ba a biyan ko sisi, amma sai a daren da za a rufe muka tafi shagon intanet. Ɗayanmu sunan da ke takardar haihuwarsa bai yi daidai da na takardun makarantarsa ba. Dukanmu kuma wasiƙa guda muka kwafo daga intanet, kowa ya sauya suna kawai. Ko kiran hira ba a yi wa ɗaya daga cikinmu ba, kuma laifinmu ne.

Yanzu muna aji uku a jami'a a nan gida. Mun ga waɗanda suka tafi suka dace, mun ga waɗanda suka dawo hannu rabbana. Abin da muka fahimta shi ne, fita karatu waje aiki ne na takardu da kiyaye lokaci, kuma ana fara shi tun daga aji huɗu. Ga abin da muka so a ce wani yayanmu ya zaunar da mu ya faɗa mana a lokacin.

Gurbi daban, tallafi daban

Kuskure na farko da muka yi shi ne haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Gurbin karatu yana nufin jami'a ta yarda ku zo ku yi karatu. Tallafin karatu yana nufin wani ya ɗauki nauyin biya. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa a duniya suna ba da gurbi cikin 'yan kwanaki, saboda kuɗin ɗalibin waje suke nema. Don haka takardar gurbi ita kaɗai hangen Dala ce, ba shiga birni ba.

Shi ma tallafin iri-iri ne. Akwai cikakke, wanda ya haɗa kuɗin makaranta, wurin kwana, inshorar lafiya, alawus na wata-wata, wani lokaci har da tikitin jirgi. Akwai kuma na ragi, inda za a ce an yafe muku rabin kuɗin makaranta. Rabin da ya rage, da kuɗin haya da na abinci na shekara huɗu, duk a kan iyayenku suke, kuma da dala ko yuro za a biya. Idan kuka ga tallan “tallafin kashi 50”, ku ɗauki biro ku lissafa ɗaya rabin kafin ku yi murna.

Sannan ku sani, manyan tallafin da kuke yawan ji a rediyo ba na masu gama sakandare ba ne. Chevening na gwamnatin Birtaniya na digiri na biyu ne, kuma sai wanda ya yi aiki na aƙalla shekara biyu. Tallafin Commonwealth na zuwa Birtaniya da na asusun PTDF na fita waje su ma na digiri na biyu da na uku ne. Ɗalibai 1,001 da gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin tura su Indiya da Yuganda daga 2023, masu digirin farko ne da suka fita da sakamako mai daraja. Duk wanda ya ce zai samo muku Chevening da sakamakon WAEC, ya riga ya nuna muku ko shi wane ne.

Ƙofofin da ke buɗe ga mai neman digirin farko

Ƙofofin ba su da yawa, amma akwai su, kuma babu wadda ke buƙatar dillali.

Gwamnatin Turkiyya tana da shirin Turkiye Burslari. Yawanci ana buɗe shi a watan Janairu a rufe a Fabrairu, kuma a intanet ake cike fom ɗin kyauta. Mai neman digirin farko sai ya kasance ƙasa da shekara 21, da matsakaicin maki na aƙalla kashi 70 cikin 100. Mai son likitanci, likitan haƙori ko harhaɗa magunguna kuwa sai ya kai kashi 90. Wanda ya dace yana samun kuɗin makaranta, wurin kwana, inshorar lafiya, alawus da tikiti, sannan zai shafe shekara ɗaya yana koyon harshen Turkanci kafin ya fara. Ɗan aji shida zai iya nema tun kafin ya kammala.

Gwamnatin Japan tana da tallafin MEXT, wanda ake nema ta ofishin jakadancinta da ke Abuja. Su ba sa tsayawa ga takarda kawai, sai sun zaunar da ku rubutacciyar jarrabawa, wadda ta haɗa da lissafi da Turanci, sannan hira. Ga yawancin fannoni shekara biyar ake yi, ta farko ta koyon harshen Japan ce da share fage.

Gidauniyar Mastercard tana ɗaukar nauyin matasan Afirka masu hazaƙa da suka fito daga gidaje marasa ƙarfi, kuma tana ba 'yan mata muhimmanci. Ba wurin gidauniyar ake nema ba, ana nema ne ta jami'o'in da take aiki da su. Biyu daga ciki suna nan kusa a Ghana: Jami'ar Ashesi da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi. Suna duba maki, suna kuma duba abin da kuka taɓa yi wa jama'arku.

Ga 'yan Islamiyya da masu Larabci, jami'o'in gwamnatin Saudiyya, ciki har da Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961, suna ba ɗaliban waje gurbi da tallafi, kuma a intanet ake nema kai tsaye. Haka ita ma Al-Azhar ta birnin Alƙahira ta daɗe tana karɓar ɗalibai daga ƙasar Hausa.

Shekaru da dama gwamnatin tarayya tana tura ɗalibai ƙasashe irin su Rasha, Sin, Maroko, Aljeriya, Masar da Hangare a ƙarƙashin yarjejeniyar ilimi da ake kira BEA. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a shirin. Wannan ya isa darasi: tallafin da yayanku ya samu shekara biyar da suka wuce ba lallai yana nan yadda yake ba. Kullum ku koma shafin hukumar da ke bayarwa ku karanta sanarwar bana.

Masu hangen Birtaniya su san cewa ta shafin UCAS ake neman digirin farko, kuma mutum zai iya zaɓar kwas har biyar. Likitanci da jami'o'in Oxford da Cambridge suna rufewa a tsakiyar Oktoba, sauran kuma a Janairu. Jami'o'insu da yawa ba sa ɗaukar mai WAEC kai tsaye zuwa aji ɗaya, sai ya yi shekarar share fage, ita ma da kuɗinta. Cikakken tallafi ga digirin farko a can yana da wuyar samu ƙwarai. A Amurka akwai jami'o'in da ke duba halin gidanku su rage ko su yafe kuɗi, kuma cibiyar EducationUSA da ke ofishin jakadancinsu a Abuja da Legas tana ba da shawara a kan haka. Sai dai dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun tsananta tun daga 2025, don haka a fara bincika halin da ake ciki kafin a kashe ko kwabo.

Takardun da za ku tanada

Abu na farko shi ne suna. Ku ɗauko takardar haihuwa, katin NIN da takardun makaranta ku jera su a tabarma. Shin Muhammad ne a duka, ko a wani wurin Mohammed ne, a wani Muh'd? Sunan mahaifi ne a ƙarshe ko sunan gari? Ranar haihuwa ɗaya ce? A gida ana ɗaga kai ga irin wannan, amma jami'in da ke duba dubban takardu a wata ƙasa ba zai tsaya yi muku uzuri ba. Lokacin gyara shi ne kafin rajistar WAEC, domin gyaran suna bayan satifiket ya fito wahala ce mai cin watanni.

Na biyu fasfo. Hukumar Shige da Fice ce ke bayarwa, kuma da bayanan NIN take aiki. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da takardar amincewar iyaye. Wasu shirye-shiryen suna yarda a fara nema da wata shaidar, amma kafin biza dole sai fasfo, kuma ba a rana ɗaya yake fitowa ba.

Na uku sakamako. Kiredit biyar da ake magana a kai a gida shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake nema. A gasar cikakken tallafi za ku kara ne da yara daga Masar, Kenya, Fakistan da Indunusiya, don haka A1 da B2 da B3 ake kallo. WAEC ta fi saninta a waje, ko da yake akwai masu karɓar NECO. Wurare da yawa kuma suna neman takardar makin da kuka ci tun daga aji huɗu zuwa aji shida, ɗauke da sa hannun shugaban makaranta. Ma'ana, jarrabawar ƙarshen zango da kuke rainawa a aji huɗu tana cikin lissafi.

Na huɗu shaidar iya Turanci. Wasu jami'o'in suna karɓar C6 ko sama da haka a Turancin WAEC. Wasu sai IELTS ko TOEFL. Jarrabawar IELTS tana da tsada, kuma sakamakonta shekara biyu yake aiki, don haka kada ku biya sai kun tabbatar inda kuke nema ya buƙace ta.

Na biyar wasiƙar shaida daga malami. Malamin da ya koyar da ku shekara biyu ya san irin ƙoƙarinku ya fi muku wani babban mutum da bai taɓa ganin rubutunku ba. Ku je masa da ladabi aƙalla wata guda kafin a rufe, ku faɗa masa kwas ɗin da kuke nema da dalilinku.

Wasu ƙasashen suna buƙatar a kai takardu Ma'aikatar Ilimi da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a buga musu tambarin tabbatarwa, wasu kuma suna son gwajin lafiya. Birtaniya, alal misali, tana neman gwajin tarin fuka daga asibitin da ta amince da shi. Ku buɗe adireshin imel da cikakken sunanku, ku riƙe kalmar sirrinsa da kanku, ku ɗauki hoton kowace takarda a fili ku adana. Mun san wanda aka gayyata hira bai sani ba, saboda mai shagon intanet ne ya buɗe masa imel ɗin ya kuma manta kalmar sirrin.

Wasiƙar da za ta yi magana a madadinku

Kusan kowane tallafi yana neman ku rubuta wasiƙa a kan ko ku su wane ne, me kuke son karantawa, kuma don me. A nan muka faɗi. Mun cika tamu da manyan kalmomi cewa muna son “ciyar da ƙasa gaba”, kalmomin da kowane mai nema yake rubutawa.

Wata 'yar ajinmu da ta dace a shekara ta biyu ta nuna mana tata. Ta fara ne da famfon unguwarsu da ya lalace, da yadda take tashi kafin asuba ta bi layin ruwa ta makara zuwa makaranta, da yadda ta bi masu gyara tana tambayarsu har ta gane abin da ke lalacewa. Daga nan ta bayyana dalilin da ya sa take son injiniyancin ruwa, da darussan da ta gani a manhajar jami'ar da ta zaɓa. Babu kalma mai wuya a ciki, amma babu wanda zai iya rubuta ta sai ita.

Ku ma kuna da irin wannan labarin. Koyar da ƙanne a Islamiyya, riƙe littafin lissafin shagon baba, shugabancin kulob ɗin muhawara, taimakon mama a sana'arta, duk abin faɗa ne idan kun nuna abin da kuka koya daga ciki. Ku rubuta da kanku, ku kai wa malamin Turanci ya duba, ku sake rubutawa. Kada ku ƙirƙiri abin da ba ku yi ba, domin a hira daga wasiƙar za a ɗauko muku tambayoyi.

Ku fara tambaya daga ƙarshe

Tambayar da ba mu taɓa yi ba a lokacin ita ce mafi muhimmanci: idan muka gama muka dawo, wannan takardar za ta yi aiki a Najeriya?

A watan Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken ɗan jarida Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya yi amfani da shi ya shiga bautar ƙasa. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Jamhuriyar Benin da Togo. Daga baya Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano takardun bogi sama da 20,000 daga ƙasashen biyu. Abin tausayi shi ne waɗanda suka zauna a aji da gaske, iyayensu suka biya kuɗi shekara da shekaru, amma a makarantar da ba a amince da ita ba.

Duk wanda ya yi karatu a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya tafi bautar ƙasa. Wanda ya karanta likitanci sai ya ci jarrabawar majalisar likitoci ta MDCN kafin ya taɓa majinyaci a Najeriya. Wanda ya karanta shari'a sai ya yi ƙarin zangon share fage a Makarantar Horas da Lauyoyi. Don haka kafin a biya komai, ku tabbatar jami'ar tana da rajista a ƙasarta, kuma hukumar da ke kula da sana'ar da kuke so a nan gida ta san da ita.

Ku duba zaman lafiyar ƙasar ma. Lokacin da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, ɗaliban Najeriya da yawa, akasari masu karatun likitanci, sun tsere ta kan iyakoki, karatunsu ya katse. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗalibai da yawa daga jihohinmu na Arewa sun yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su. Babu wanda zai iya hango yaƙi daga nesa, amma mai hankali yana riƙe takardar makinsa ta kowace shekara a hannu, don idan ta ɓaci ya samu abin da zai nuna wa wata jami'ar. Arewacin Cyprus kuwa, wanda dillalai ke yawan tallatawa, Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, kuma tun a 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye a kan tura 'ya'yansu can.

“Idan na je zan yi aiki in biya”

Wannan maganar ta jefa mutane da yawa a wahala. Bizar ɗalibi ba bizar aiki ba ce. A Birtaniya ɗalibin digiri ba zai wuce awa 20 yana aiki a mako ba a lokacin karatu, kuma wanda ya karya wannan doka yana iya rasa bizarsa. Abin da ake samu daga irin wannan aikin yana taimakawa wajen abinci da mota, amma ba ya biyan kuɗin makaranta. Tun kafin a ba ku biza ma sai kun nuna kuna da abin riƙe kanku. A farkon 2024 Kanada ta ɗaga kuɗin da ɗalibi zai nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta.

Sannan ga darajar naira. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Iyalin da suka yi lissafin shekara huɗu da tsohon farashi sun wayi gari kuɗin ya ninka sau uku, kuma akwai ɗaliban da suka kasa biya aka dakatar da su a tsakiyar karatu. Idan iyaye ne za su ɗauki nauyi, a zauna a yi lissafin duk shekarun, a kuma tambayi kai: idan dala ta sake tashi, za a iya ci gaba?

Ku yi hattara sosai da tallan “karatu da aiki” da ke yawo a TikTok da WhatsApp, musamman ku 'yan mata. A watan Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton wasu 'yan matan Afirka masu shekara 18 zuwa 22 da aka ɗauka da alƙawarin karatu da aiki a yankin Tatarstan na Rasha, suka tsinci kansu a masana'antar harhaɗa jiragen yaƙi marasa matuƙa. Duk tafiyar da aka ce ku ɓoye wa iyayenku, ko aka ce za a riƙe muku fasfo idan kun isa, ku faɗa wa babba a gida, a kai rahoto ga hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane.

Yadda ake gane ɗan damfara

Tallafin gaskiya ba a sayar da shi, kuma babu wanda zai iya ba ku tabbacin samunsa kafin a tantance. Idan aka ce a tura kuɗi asusun wani mutum, ko aka ce “gurbi biyu ya rage, a biya yau”, ko aka hana ku tuntuɓar jami'ar da kanku, to ku ja da baya. Ku nemo shafin jami'ar da hannunku, ba ta mahaɗin da aka turo muku ba, ku rubuta wa ofishin ɗaukar ɗaliban waje ku tambaya ko sun san da sunanku. Saƙon imel guda ɗaya da abokinmu ya tura bayan wata bakwai, da a makon farko ya tura shi, da gonarsu ba ta shiga jingina ba.

Akwai masu taimaka wa mutane cike fom da gaskiya suna karɓar ladan aikinsu. Amma babu wani abu a cikin fom ɗin da ɗan aji shida ba zai iya karantawa ya cike da taimakon malaminsa ba. Kuma kada ku yarda a haɗa muku takardar banki ta bogi. Idan ofishin jakadanci ya gano, sunanku ne zai ɓaci, kuma ana iya hana ku biza na shekaru.

Kada ku saki JAMB

Masu neman cikakken tallafi sun ninka guraben da ake da su nesa ba kusa ba, don haka ko mai A1 tara yana iya rasawa. Ku yi rajistar JAMB a kan kari, ku yi mata karatu kamar ba ku nemi komai a waje ba. Idan tallafin ya fito, alhamdu lillahi. Idan bai fito ba, ba ku yi asarar shekara ba. Kuma kamar yadda muka faɗa, yawancin tallafin duniya na digiri na biyu ne. Wanda ya dage ya fita da sakamako mai kyau a Zariya, Kano, Sakkwato ko Maiduguri, ƙofofin da ke gabansa sun fi na ɗan sakandare yawa.

Idan kuna aji huɗu, ku gyara suna da ranar haihuwa, ku riƙe makin kowane zango, ku shiga wani aiki na taimakon jama'a da gaske. Idan kuna aji biyar, ku zaɓi shirye-shirye biyu ko uku, ku karanta sharuɗɗansu, ku rubuta ranakun rufewarsu a bangon littafi. A wannan shekarar ce kuma ya kamata ku zauna da iyaye. Ƙannenmu mata, ku fara wannan maganar da wuri, ku je da bayani a hannu: ina za ku kwana, wa zai biya, akwai 'yan gida a garin? Iyaye sun fi saurin yarda da abin da aka bayyana musu a natse. Idan kuna aji shida, ku nemi fasfo da wasiƙar malami tun zangon farko, ku tura fom aƙalla mako biyu kafin a rufe.

Abokin namu ya rubuta JAMB bayan shekara biyu, yanzu yana aji ɗaya a sashen injiniya, mu muna aji uku. Mahaifinsa bai gama fanso gonar ba har yanzu. Da muka ce masa za mu ba da labarinsa ba tare da suna ba, ya yarda, ya kuma roƙe mu mu ja kunnenku a kan tura wa jami'a saƙo da kanku kafin a fitar da ko naira ɗaya. Mun isar da saƙonsa. Yau idan kun koma gida, ku fara da jera takardun nan uku ku duba sunayenku. Allah Ya ba ku sa'a a jarrabawar da ke tafe.